Agogon da Ke Auna Gudun Jirgin Sama

Duk yaron da ya taɓa zama kusa da direban mota ya san maleji, watau agogon nan mai allura da ke nuna gudun da mota ke yi. Aikin maleji ba shi da wuyar ganewa. Ƙafafun mota suna birgima bisa ƙasa, shi kuwa yana lissafin juyawarsu. In sun juya da sauri allura ta hau, in sun rage ta sauko. To, jirgin sama fa? Da zarar ya tashi, ƙafafunsa sun rabu da ƙasa, ba abin da su ke taɓawa sai iska. Yaya matuƙinsa zai san gudun da ya ke yi? Kuma me ya sa zai damu da sani, tun da ya ke a sama babu kwana, babu gada, babu garken shanun da zai gitta masa?

Dalili shi ne, gudu ne ke riƙe da jirgi a sama. Mota in ta rage gudu, iyakarta ta makara. Jirgin sama in ya rage gudu fiye da kima, faɗowa ya ke yi.

Ku ɗauki faifai, ku riƙe shi a kwance a gabanku, ku ɗan ɗaga bakinsa na gaba, sa'an nan ku sheƙa a guje kuna fuskantar iska. Za ku ji faifan yana neman ƙwacewa ya yi sama. Ku tsaya cik, sai ku ji nauyinsa ya komo hannunku. Abin da ya faru shi ne, faifan ya danna iska ƙasa, ita kuwa ta tura shi sama. Haka fiffiken jirgi ya ke. Inji yana juya farfela, farfela tana jan jirgi gaba, iska tana bi ta bisan fiffike da ƙarƙashinsa, har ta ɗauke nauyin jirgin duka, da mutanensa, da kayansa.

In gudu ya ragu, tilas matuƙi ya ƙara ɗaga hancin jirgi domin fiffike ya tari iska da yawa. Amma ɗagawar tana da iyaka. In ta wuce kima, iskar da ke bin bayan fiffike sumul sai ta watse ta hargitse, kamar ruwan rafi da ya ci karo da dutse. Nan take fiffike ya kasa ɗaukar nauyi, hancin jirgi ya sunkuya, jirgi ya fara zubowa, ko da injinsa lafiya lau ya ke. In yana can sama ƙwarai, abin da sauƙi: matuƙi ya bar hancin ya yi ƙasa, gudu ya komo, iska ta sake kama fiffike. In kuwa yana dab da ƙasa ne, wajen tashi ko wajen sauka, ba shi da sararin yin wannan gyara.

Sai ku lura da wani abu, domin nan ne yara da yawa kan rikice, har ma da manya. Gudun jirgin sama iri biyu ne. Akwai gudun da ya ke yi bisa ƙasa, watau saurin da ya ke wuce garuruwa da gonaki, akwai kuma gudun da ya ke yi cikin iska. Mai kwalekwale a kogin Binuwai ya san wannan bambanci. In yana haurawa ruwa na turo shi baya, sai ya yi ta tuƙi yana gumi, ruwa na wucewa ta gefensa da sauri, amma wanda ke tsaye a gaɓa ya ga da ƙyar ya ke matsawa. Kun kuma sha ganin shirwa ta tsaya wuri guda a sama ran da a ke iska mai ƙarfi, fukafukanta a buɗe, ba ta gaba ba ta baya, ba ta kuwa faɗo ba. Bisa ƙasa a tsaye ta ke, amma cikin iska tafiya ta ke yi. Fiffike bai san ƙasa ba, iska kaɗai ya sani.

Ran 17 ga Disamba, 1903, wasu 'yan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirginsu mai inji a kusa da Kitty Hawk, a bakin teku a ƙasar Amurka. Tashin farko sakan 12 ne kawai, tafiyar kuwa ƙafa 120. In kun yi lissafi za ku ga ƙafa 10 ke nan a kowane sakan, watau kimanin mil 7 a awa, gudun da ɗan aji biyar zai iya yi. Har ma Wilbur ya bi jirgin a guje a gefensa sa'ad da ya ke shirin tashi. Da wannan ɗan gudu kaɗai jirgin ba zai ɗaga ba. Amma ran nan ana iskar da ta fi mil 20 a awa, suka kuwa fuskance ta, saboda haka iskar da ke bin fiffike ta yi wajen mil 30. Shi ya sa har gobe jirage su ke fuskantar iska in za su tashi ko za su sauka, kamar yadda ungulu ke yi.

Bari mu yi wani lissafi da garuruwan da muka sani. Daga Kano zuwa Zariya kimanin mil 85 ne in an miƙe ta sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, Zariya kuwa tana kudu maso yamma da Kano. Mu ce ƙaramin jirgi yana yin mil 75 a awa cikin iska, iskar kuma tana mil 10. A tafiya iska tana bayansa, sai ya yi mil 85 bisa ƙasa, ya isa cikin awa guda. A komowa tana gabansa, sai ya yi mil 65, ya ci awa guda da minti 18. Amma a tafiya da komowa duka, allurar agogonsa a kan 75 ta ke, ba ta kuwa yi ƙarya ba. Na'urar GPS da ke cikin wayoyin hannu tana iya gaya wa matuƙi gudunsa bisa ƙasa, ta faɗa masa lokacin da zai isa. Ba ta iya gaya masa ko fiffike ya kusa kasawa.

To, yaya a ke auna abin da ba a gani? Asalin dabarar daga ruwa aka samo ta, tun ba a yi mafarkin jirgin sama ba. A shekarar 1732 wani masani Bafaranshe mai suna Henri Pitot, wanda a ke faɗin sunansa Fito, ya so ya san gudun ruwan kogin Sen da ke ratsa birnin Faris. Sai ya sami bututun gilashi mai lanƙwasa a gindi, ya tsoma shi cikin kogi, bakin yana fuskantar inda ruwa ke fitowa. Ruwa ya kutsa ciki ya hau, har ya ɗara fuskar kogin tsawo. Inda ruwa ya fi gudu, nan ya fi hawa. A zamanin nan masana da yawa suna tsammanin ruwan ƙasan kogi ya fi na sama gudu. Bututun Fito ya nuna ba haka ba ne.

Wannan bututu shi ne a jikin jiragen sama har yau, manya da ƙanana, kuma da sunan mutumin a ke kiransa. A ƙaramin jirgi za ku gan shi a ƙarƙashin fiffike ko a jikin sandar da ke tokare da fiffike, siriri kamar fensir, bakinsa yana duban gaba, nesa da iskar da farfela ke hurawa. In jirgi na tafiya, iska tana cusa kanta cikin bakin nan. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan huji da ke duban gefe, ko a wani bututu na biyu ko a jikin jirgi, waɗanda iska ba ta cusa kai cikinsu, wucewa kawai ta ke yi. Daga kowannensu an ja siririn tiyo zuwa agogon da ke gaban matuƙi. A cikin agogon akwai wata 'yar batta ta ƙarfe marar kauri, mai kumbura da motsewa kamar ƙirjin mai numfashi. Iskar bututun gaba tana shiga cikin battar, iskar hujin gefe kuwa tana kewaye da ita daga waje. In jirgi na tsaye, matsin ciki da na waje daidai su ke, allura tana kwance. In ya fara gudu, na ciki ya rinjayi na waje, batta ta kumbura, ta tura wasu 'yan sanduna da haƙoran ƙarfe irin na cikin agogon hannu, su kuma su juya allura. Babu lantarki a ciki, babu batir. Ko inji ya mutu, agogon yana nan yana aikinsa.

Matsin nan ɗan kaɗan ne ƙwarai. Da za a cire agogon a sa ruwa a tiyon kamar yadda Fito ya yi, a gudun mil 75 ruwan ba zai hau fiye da kimanin santimita 7 ba, a mil 38 kuwa ba zai cika santimita 2 ba. Ku dubi lambobin nan da kyau: gudu ya ninka sau biyu, amma matsi ya ninka sau huɗu. Haka ka'idar ta ke kullum. Saboda laushin battar nan ne a ke hana kowa hura bututun da baki, domin numfashin yaro ma ya isa ya lalata ta.

Jiragen da aka fara gani a Kano guda uku ne, masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, na mayaƙan sama na Ingila. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, suka sauka a watan Nuwamba na 1925. Wanda ya tsara irinsu, Geoffrey de Havilland, shi ne kuma kamfaninsa ya ƙera wasu ƙananan jirage da a ke kira Moth, waɗanda na farkonsu ya tashi a wannan shekara ta 1925. Da irin wannan ne wata Baturiya, Amy Johnson, ta tashi ita kaɗai daga Ingila har Ostareliya a 1930. Ƙanensu, Tiger Moth, ya fito a 1931, an ƙera fiye da 8,000, kuma a cikinsa dubban matuƙa suka koyi tuƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Fukafukansa katako ne da aka lulluɓe da yadi, an ɗaure su da wayoyi, matuƙi kuwa yana zaune kansa a waje, iska na dukansa.

A jikin da yawa daga jiragen Moth akwai wani ma'aunin gudu wanda ko maƙerin ƙauye zai gane shi da gani ɗaya. Wani ɗan falle ne na ƙarfe a kan waya mai tauri, an kafa shi a sandar da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, a bayansa kuma akwai allo mai lambobi. Iska ta tura fallen baya, wayar ta yi ta gardama tana neman komo da shi, inda suka daidaita nan ne gudun. Matuƙi sai ya waiwaya gefe ya karanta. Ba shi da daidaito kamar agogo, amma ba shi da tiyon da zai toshe.

A Amurka kuwa akwai Piper Cub, ɗan jirgi mai launin rawaya mai ɗaukar mutum biyu, wanda aka ƙera wajen 20,000 tsakanin 1938 da 1947. Har yanzu masu sha'awa suna gyara su suna tashi da su. Injin mafi yawansu ƙarfin doki 65 ne, tankinsa galan 12, man da ba ya cika kai shi awa uku. Da hannu a ke juya farfela a tayar da shi. Lambobi uku ne mai tuƙa shi ya ke haddacewa kafin kome. Tafiyarsa ta yau da kullum wajen mil 75 ce a awa, watau kilomita 120. In allura ta sauko wajen 38, fiffike ya kusa kasawa. In kuwa ta haura 122, kamar in an sunkuyar da hanci an zubo, jikin jirgin na iya ɓallewa. Tsakanin lambar ƙasa da ta sama ran matuƙi ya ke. A jirage da yawa an shafa wa fuskar agogon launi don sauƙin gani: kore inda babu damuwa, rawaya inda sai iska na kwance a ke shiga, da jan layi wanda ba a ƙetarewa. Wani abin kula kuma, agogon tsofaffin jirage da mil na tudu ya ke lissafi, mai mita 1,609, na yanzu kuwa galibi da mil na teku, mai mita 1,852. Wanda ya saba da ɗaya ya shiga ɗaya, sai ya duba rubutun da ke fuskar agogon tukuna.

Agogon nan yana da wani hali mai ban mamaki. Iska ba kaurinta ɗaya ba ko'ina. Tana raguwa in an yi sama, tana kuma raguwa in rana ta yi zafi. Iska marar kauri ba ta tura batta da ƙarfi, saboda haka allura takan nuna ƙasa da gudun gaskiya, da kimanin kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Jirgin da ke ƙafa 5,000 a sama, in allurarsa ta ce 70, gudunsa na ainihi wajen 77 ne. Za ku ce ashe agogon maƙaryaci ne. Amma ku tuna, iskar da ta yi wa batta rauni ita ce ta yi wa fiffike rauni, daidai wa daida. Abin da batta ta ji shi fiffike ya ji. Don haka lambar hatsarin nan tana nan inda ta ke a fuskar agogo, ko a bakin teku ko a kan dutse. Abin da ke sakewa shi ne tsawon filin da jirgi ke bukata. A wuri mai tudu kamar Jos, wanda ya kai wajen ƙafa 4,000, jirgi ya kan daɗe yana gudu a ƙasa kafin allura ta kai lambar tashi, balle da tsakar rana.

Babban abokin gāban bututun Fito kuwa kun san shi sarai, yana nan a bangon ajinku. Zanzaro ne. Shi dai in ya ga rami siriri, ya sami ɗaki, sai ya yi ta jido laka yana liƙewa. Ƙura ma takan toshe shi, da ruwan sama, da ƙanƙara a can sama inda a ke tsananin sanyi. In bututun ya toshe ruf, iskar da ke cikin batta ta kulle ke nan. Jirgi na hawa, matsin waje na raguwa, sai batta ta yi ta kumbura, allura ta yi ta hawa, alhali kuwa gudu bai ƙaru ba. Matuƙin da ya gaskata ta sai ya ƙara ɗaga hanci don ya rage gudu, har ya kai fiffike ga kasawa.

Wannan ya taɓa faruwa ga babban jirgi. Ran 6 ga Fabrairu, 1996, da dare, wani Boeing 757 ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, bayan ya yi kusan mako uku a ajiye. Tun yana gudu a ƙasa babban matuƙin ya lura agogonsa ba daidai ya ke ba, amma aka ci gaba da tashi. Bayan 'yan mintoci jirgin ya faɗa teku, mutum 189 da ke ciki duka suka rasu. Masu bincike suka ce bututu guda ne ya toshe, kuma zanzaro suka fi zargi. Saboda irin wannan ne a ke sa wa bututun hula in an ajiye jirgi, a ɗaura mata jan ƙyalle mai tsawo don kada a manta a cire. Kafin tashi matuƙi ya kan zagaya jirginsa a ƙasa, ya cire hular, ya leƙa bakin bututun da idonsa. In ya fara gudu a fili kuma ya kan saci kallon allura. In ba ta motsa ba, ya tsaya tun da sauran fili a gabansa.

Masu tuƙa tsofaffin jirage ba su dogara ga agogo shi kaɗai. A Piper Cub matuƙi a kujerar baya ya ke zama, agogo kuwa suna can gaba, in ya ɗauki fasinja mai faɗin kafaɗa sai ya yi ta leƙe ta gefen wuyansa. Saboda haka su kan koyi jin gudu da jikinsu. A Tiger Moth wayoyin fiffike suna kuka cikin iska, kukan ya yi tsini in gudu ya ƙaru, ya yi ƙasa in ya ragu. Sandar tuƙi takan yi tauri a hannu in ana gudu, ta yi laƙwas in gudu ya ragu. Akwai kuma matsayin hancin jirgi in an gwada shi da layin nan inda sama ta haɗu da ƙasa, da ƙarar inji. Malaman tuƙi su kan rufe agogon da takarda, su ce wa almajiri ya sauka haka nan, don ran da zanzaro ya yi aikinsa kada ya ruɗe.

Na ji masu cewa gwanin gaske ba ya bukatar agogo sam. Ni ban yarda da wannan ba. Kunne da hannu suna taimako muddin ido na ganin ƙasa. In hazon hunturu ya rufe, ko jirgi ya shiga gajimare, jikin mutum ya kan yaudare shi, ya ji kamar a miƙe ya ke alhali ya karkace. Ƙananan jiragen nan ba don irin wannan rana aka yi su ba, mai hankali ya kan bar nasa a rumfa. A ranar da gari ya ke garau kuwa, gwani yana duban agogo, yana kuma sauraron jirginsa, in maganarsu ta saɓa ya bincika wane ne mai gaskiya. Wanda ya yi ƙoƙari a lissafi daga cikinku, watakila wata rana ya koyi wannan da hannunsa a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Kafin nan kuna iya gwada abin da Fito ya gwada. Ku roƙi malaminku ya kai ku wani rafi marar zurfi da damina. Ku nemi tiyo mai haske, irin wanda magina ke auna daidaiton gini da shi, ku lanƙwasa gindinsa, ku ɗaure shi a jikin rula. Ku tsoma shi, bakin yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, ku auna yadda ruwan ciki ya ɗara na waje. Sa'an nan ku auna mita 10 a gaɓa, ku jefa kara, ku ƙidaya sakan nawa ya yi kafin ya wuce. Ruwan da ke yin mita guda a sakan zai hau wajen santimita 5. Ku nemi inda rafin ya tsuke ruwa ya ninka gudu, ku fara rubuta a littafinku santimita nawa ku ke tsammani zai hau, sa'an nan ku tsoma tiyon.